Yadda A Ke Ɗaura Wa Motar Daji Ƙugiyar Jan Tirela

Kowa ya san amalanke. In manomi zai ɗaura wa shanunsa amalanke, ba ya ɗaure igiya a ƙaho ko a wutsiya. Ya kan ɗora musu karkiya a wuya, gaban tozo, domin nan ne ƙarfinsu ya ke. To, mota ma haka ta ke. Tana da wurin da ƙarfinta ya ke, tana kuma da wuraren da ba su da ƙarfin jan komai. Wanda ya ɗaura kaya a wurin da ba ƙarfi, ran da suka tsinke zai ji kunya, in ma abin ya tsaya ga kunya kaɗai.

Tirelar da za mu yi magana a kanta ba doguwar nan ba ce mai ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano. Ƙarama ce, mai taya biyu, ba ta da inji. Amalanken mota ce. A kan maƙala ta a bayan motar daji, watau irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu wadda mutane ke kira jif, kamar Land Rover, ko Land Cruiser, ko Hilux. Da ita a ke kai taki ƙauye, a ɗauko hatsi daga gona, a kai durom na ruwa ko injin ban ruwa fadama.

Watakila wani zai ce, "Malam, ni ko keke ba ni da shi, ina ruwana da ƙugiyar mota?" Da ruwanka. Ƙungiyar manomanku ta kan yi hayar mota, kuɗinka na cikin kayan da aka ɗora. Ɗanka ko ƙanenka yana iya zama direba. 'Ya'yanka kuwa su ne ke wasa a bakin hanyar da motar ke bi. Har wa yau, rabin wannan aiki karatu ne. Akwai lambobi a kan ƙarfe, wanda ya iya karanta su ya fi wanda ke aiki da ido kawai.

Abin Da Na Gani A Bakin Rafi

Wata rana da kaka muka tashi kai kayan makaranta wani ƙauye. Muna cikin tsohuwar Land Rover, muna jan tirela. A cikinta akwai alluna, da littattafai, da fitilu, da durom ɗaya na ruwa, da buhunan siminti da mai gari ya roƙe mu mu taho masa da su. Ƙugiyar sabuwa ce. Wani mai walda ne ya liƙa ta kwana uku kafin nan, ya shafa mata baƙin fenti, ta yi kyau ƙwarai. Da safe na tambayi direbanmu, wanda dattijo ne, na ce, "Baba, wannan za ta riƙe kuwa?" Ya buga ta da ƙafa ya ce, "Malam, ko giwa ce za ta ja." Na yi shiru, don a lokacin ban san abin da a ke dubawa ba.

Muka ƙetare rafin lafiya. Muna hawan gaɓar can, sai muka ji ƙara, ɓam! Motar ta zabura gaba kamar an sauke mata dutse. Na waiwaya, sai ga tirela tana komawa baya ita kaɗai, tana gangarawa wajen ruwa. A nan ƙasa mata na wanki. Wata yarinya tana tsaye daidai inda za ta bi, Allah ya sa uwarta ta fizge ta. Tirelar ta wuce ta buge jakin wani mai ɗiban yashi, ta karya masa ƙafa, sa'an nan ta kife cikin ruwa. Siminti ya lalace, littattafai suka jiƙe, aka biya mai jaki.

Da muka duba, ashe waldar ba ta karye ba. Ƙarfen motar ne ya yage ya biyo ƙugiyar, kamar yadda tsohuwar riga ke yagewa ta bar maɓalli da zarensa. Tsatsa ta cinye shi ta ciki, fenti ya rufe ta waje. Ba kuma sarƙa ko ɗaya da ta haɗa tirelar da motar. Daga ranar na shiga tambayar makanikai, na kuma karanta littafin motar, wanda ya daɗe a akwatin gaba ba mai buɗe shi.

Ƙashin Mota

Motar daji iri biyu ce a haɗe. Akwai bodi, inda mutane ke zama. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin mota, wanda makanikai ke kira casis. Dogayen ƙarafa biyu ne daga gaba zuwa baya, da waɗansu gajeru da suka gicciye su, kamar tsani da aka kwantar. Inji da tayoyi da bodi duk a kansa su ke. Ƙugiya a jikin wannan ƙashi a ke ɗaura ta, ba a wani wuri ba. Ba a ɗaura ta a bodi. Ba a ɗaura ta a matakala. Bamba mai sheƙin nan ta bayan waɗansu motoci ma ba wurinta ba ne, don yawancinsu ƙarfe ne marar kauri.

Land Rover tana da wani hali mai ruɗin mutane, dalilinsa kuwa yana cikin tarihinta. An fara nuna ta ga jama'a a shekarar 1948, a birnin Amsterdam. A garin Solihull na Ingila aka ƙera ta, domin manoma su yi noma da ita su kuma ja kaya. A lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila. Sai aka yi bodinta da alminiyam, dangin ƙarfen tukwanenmu, aka yi ƙashinta da baƙin ƙarfe. Haka aka ci gaba da yi har aka daina ƙera tsohon samfurin nan mai suna Defender a watan Janairu 2016. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Saboda haka sai ka ga mota ta shekara talatin, bodinta sumul, ƙashinta kuwa ya ruɓe. Mai saye ya dubi sama ya yi murna, bai leƙa ƙasa ba.

Ƙarfen da ya fi ruɓewa shi ne na can ƙarshen baya, wanda ya gicciye, kuma shi ne mazaunin ƙugiya. Ciki gare shi kamar bututu. Tayoyi su kan watsa masa laka, lakar ta shige ta zauna, ta riƙe ruwa har bayan damina. Taki na zamani in ya zube a kansa shi ma yana cin ƙarfe. Motocin da a ke kawowa na hannu daga Turai sun fi wannan ciwo, domin can su kan zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa abokin tsatsa ne.

To, kafin a sayi ƙugiya, a fara gwada ƙarfen. A wanke lakar sarai, a kankare. A ɗauki ƙaramar guduma a bi shi da bugu. Lafiyayyen ƙarfe ya kan yi amo mai zaƙi. Ruɓaɓɓe ya kan yi amo kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya, ɓawon tsatsa ya yi ta zuba. A soka sukudireba inda a ke shakka. In ta shige, magana ta ƙare. Sai an sake wannan ƙarfe tukuna, faci ba ya yi.

Ƙwallo Ko Ƙugiya

Abin jan tirela iri biyu ne aka fi gani. Na farko dunƙulen ƙarfe ne mai kama da ƙwallo. A wuyan tirela akwai ƙoƙo da ke kifuwa a kansa ya kulle. Wannan ya fi daɗi a kan kwalta, ba ya ƙara, ba ya fizga. Amma dole ƙwallon da ƙoƙon su zama awo ɗaya. Na Turai faɗinsa milimita 50 ne. A Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗara na Turai da abin da bai kai milimita 1 ba, akwai kuma ƙarami da babba. Ido ba ya rabe milimita 50 da inci 2. An buga lambar a kan ƙwallon, an kuma buga a jikin ƙoƙon. Ku karanta su biyun. In ƙoƙo ya fi ƙwallo girma, zai zauna kamar ya kama, sai mota ta faɗa rami ya tashi kamar hular da iska ta ɗauka.

Na biyu ƙugiya ce sosai, mai baki da murfi, a wuyan tirela kuwa akwai zobe mai kauri. A kan saka zoben cikin bakin, a rufe murfin, a cusa fin don kada ya buɗe. Irin wannan sojoji ke amfani da ita. Tana da surutu, kullum ƙwal ƙwal, amma a ganina ita ta fi dacewa da hanyoyinmu na ƙauye. In mota ta karkata dama tirela ta karkata hagu, ko mota ta hau tudu tirela na cikin kwari, zoben yana da wurin motsi. Ƙwallo in an karkata shi ya wuce iyaka, ko ya fita ko wani abu ya karye.

Ga abu ɗaya da a ke mantawa. Waɗansu ƙugiyoyin suna juyawa, waɗansu zobban ma suna juyawa. Ɗaya kaɗai ya kamata ya juya. In zoben tirela mai juyawa ne, a kulle ƙugiyar motar. In zoben kafaffe ne, a bar ƙugiyar ta juya.

Ɗaurawa

A ajiye mota a wuri mai tauri, marar gangara. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa giya, a sa waigi gaba da bayan taya. Galibi motar daji tana da tsawo, mutum na iya shiga ƙarƙashinta ba sai an ɗaga ba. In dole sai an ɗaga, kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko manyan katakai. Bulon siminti ya kan farfashe ba gargaɗi.

Masu ƙera waɗannan motoci sun san za a ja kaya da su, don haka sun riga sun huda ramukan ƙugiya a inda ya dace. A Land Rover suna tsakiyar ƙarfen baya. A motoci irin su Hilux a kan sayi wani ƙarfe mai hannu biyu, a ɗaure hannuwan ga dogayen ƙarafan nan biyu na ƙashin mota, ƙugiyar ta zauna a tsakiyarsa. A yi amfani da ramukan da aka tarar. In ramukan ƙugiyar da ka saya ba su hau kan na motar ba, to, ba tata ba ce, ka mayar a musanya maka. Kada ka bari a ƙara faɗin rami da wutar walda don noti ya shiga. Duk inda aka ƙona ƙarfe ko aka huda shi ba bisa ƙa'ida ba, nan tsaga ke farawa.

Yanzu sai mu zo ga ƙusoshi masu noti, waɗanda makanikai ke kira bol. Nan ne mutane ke tsimin kuɗi kaɗan su yi asarar mai yawa. Bol ba duka ɗaya ba ne, ko da kaurinsu ɗaya. Ku dubi kan bol ɗin, za ku ga lamba. Wanda aka rubuta wa 8.8 mai ƙarfi ne, shi a ke so a nan, ko wanda takardar ƙugiyar ta faɗa. Wanda aka rubuta wa 4.6, ko wanda ba lamba a kansa sam, na gado ne da ƙofa, ba na jan kaya ba. A sayi sababbi. Tsohon bol da aka tsinta a bola ba wanda ya san wahalar da ya sha. Kaurinsa ya cika ramin, tsawonsa kuma ya isa har bakinsa ya leƙo bayan noti da zare biyu ko uku. Ramuka nawa ne a ƙugiyar? In huɗu ne, bol huɗu za a sa. Na sha ganin ƙugiya mai rami huɗu da bol biyu, direba ya ce sauran sai ya dawo.

A bayan ƙarfen motar, ta ciki, a sa faffaɗan ƙarfe mai kauri wanda bol ɗin duka za su ratsa kafin a ɗaura noti. Amfaninsa shi ne ya raba nauyi. Ku tuna da mai ɗinkin jakar fata. In zai kafa maɗauki, ya kan ƙara wata fata ta ciki don kada zaren ya yaga jakar. In babu wannan ƙarfe, noti kaɗai ke jan jikin motar, a hankali sai ya huda ya fito.

Akwai kuma wani abu. Mun ce ƙarfen baya ciki gare shi. In ka ratsa gwangwani da bol ka yi ta ɗaurewa, gwangwanin zai lotse. Da ya lotse, bol ya saki, ko da ɗazu ya yi tauri. Don haka a cikin ramin ya kamata a sami ɗan guntun bututu mai kauri da bol ke bi ta cikinsa, shi ke tokare bangon biyu. Masu ƙera mota su kan sa shi tun asali. A haska tocila a tabbata yana nan, bai ruɓe ba.

A kankare fenti mai kauri da laka daga inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, don su kwanta da juna sosai. A sa bol duka a kama su da hannu tukuna. Sai an ga ƙugiyar ta zauna daidai a tsakiya, sa'an nan a ɗaure, wannan kaɗan, na gicciyensa kaɗan, a yi ta zagayawa har su yi tauri tare. A sa noti mai roba a baki, irin wanda girgiza ba ta kwance shi. Makanike na ƙwarai yana da sifana mai awo, wadda ke yin ƙara in ɗauri ya kai adadin da takarda ta ce. A neme shi. Sa wa sifana dogon bututu a hau da ƙafa ba gwaninta ba ce, bol ya kan miƙe ya raunana ba a sani ba.

Motar daji tana da tsawo, tirela kuwa sau da yawa gajera ce. In an haɗa su, ya kamata tirela ta tsaya sosai, kada gabanta ya ɗaga sama kamar akuya mai cin ganyen bishiya. Saboda haka a kan sa wani ƙarfe mai sauko da ƙwallon ƙasa. Wannan yana da haɗarinsa. Kun san yadda a ke ɗaga babban dutse da dogon sanda: gwargwadon tsawon sandan, gwargwadon ƙarfin da ya ke ba ka. Ƙarfen nan mai saukowa sanda ne, duk lokacin da tirela ta fizga yana murɗa ƙashin mota. Maganinsa shi ne a tokare gindinsa da ƙarafa biyu da za su koma gaba su kama dogayen ƙarafan motar. Kada kuma a sauko da shi fiye da bukata, don in ya yi ƙasa ƙwarai zai riƙa noma hanya duk sa'ad da aka fito daga rafi.

Ban ce walda haramun ce ba. Amma ƙwallo da ƙugiya ba a gasa su da wuta, ba a miƙe su in sun lanƙwashe, ba a kuma cike su in sun zaizaye. Sai dai a sake. In gyaran ƙashin mota ya bukaci walda, a kai wa gwani, a cire wayar batir, a kuma tuna a motoci da yawa tankin mai yana nan kusa da baya.

Lissafin Nauyi

Kowace mota tana da iyakar abin da za ta ja, ƙugiya ma tana da tata. An rubuta ta mota a littafinta, ta ƙugiya kuwa a ɗan allon ƙarfe a jikinta. In lambobin biyu sun bambanta, ƙaramar a ke bi.

Mu ɗauki Defender misali. Littafinta ya ce a kan titi tana iya jan tirela mai birkin kanta har kilo 3,500. In tirelar ba ta da birki, kilo 750 ne. A daji kuwa, inda ba titi, mai birki kilo 1,000 ne, marar birki kilo 500. Kun ga yadda lambar ta faɗi. Ba don inji ya gaza ba ne. Ja ba shi da wuya, tsayawa ce da wuya. Kuma waɗannan lambobi har da nauyin tirelar kanta.

Yawancin tirelolin da a ke ƙerawa a garuruwanmu ba su da birki. To, ku ɗauki allo mu yi lissafi. A ce tirela ba kaya kilo 250 ce. Buhun taki kilo 50 ne. A kan titi, 750 a ɗebe 250, saura 500, watau buhu 10. A daji, 500 a ɗebe 250, saura 250, buhu 5 ke nan. Na san direbobi za su yi dariya, su ce suna ɗora ashirin su dawo lafiya. Gaskiya ne, mu ma sau da yawa mun dawo lafiya kafin ranar rafin nan. Ruwa ma ku lura da shi. Lita 1 kilo 1 ce, durom mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin durom ɗin. Gara a cika shi fal a ɗaure, domin rabin durom ya kan yi ta tangal tangal yana tura tirela gefe da gefe.

Yadda aka jera kaya shi ma magana ce. Masu nauyi su zauna ƙasa, bisa tayoyi, a ɗan fi karkata su gaba. Wuyan tirela ya danna ƙugiya da kamar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na dukan nauyin. In tirela da kayanta kilo 700 ne, abin da zai danna ƙugiya kamar nauyin buhun taki ɗaya ne, ko fiye da haka kaɗan. Ana iya gwadawa da sikelin awon hatsi, a ɗora wuyan a kansa bisa guntun katako. In kaya sun yi baya, wuyan ya yi sakayau, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya in an yi gudu, har ta kayar da motar. In sun yi gaba da yawa, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana. A Defender iyakar wannan danni kilo 150 ne.

Haɗawa Da Tafiya

Sa'ad da direba ke ribas don ya haɗu da tirela, kada kowa ya tsaya tsakaninsu. Yaron mota ya tsaya a gefe, inda direba ke ganinsa a madubi. Sai mota ta tsaya an ja birkin hannu, sa'an nan ya shiga. Kada ya sa yatsa cikin zobe ko ƙarƙashin ƙoƙo. In an kulle, a ɗaga wuyan tirela da ƙarfi a gani. In ya kama, bayan motar zai so ya biyo shi. A cusa fin. Guntun waya ko ƙusa lanƙwasasshiya ba fin ba ce.

Sai sarƙa, wadda rashinta ya kusa sa mu kashe 'yar mutane. A sa biyu, masu kauri, daga wuyan tirela zuwa ƙashin mota. A gicciye su a ƙarƙashin wuyan, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama. In ƙugiya ta saki, wuyan zai faɗa kan gicciyen, ba zai soki ƙasa ba, tirela kuma ba za ta tafi yawonta ba. A bar musu saki daidai yadda mota za ta sha kwana, amma kada su ja ƙasa. Kada a rataya su a wuyan ƙwallo, don in ƙwallon ne ya karye, da shi da sarƙar za su tafi tare. Tirela mai birki kuma tana da wata siririyar igiyar ƙarfe da ke jan birkinta in ta rabu da mota, ita ma a maƙala ta.

A haɗa wayar fitilu. Direba ya taka birki, ya kunna sigina dama da hagu, yaro ya duba baya. Tirela ta kan rufe fitilun mota, mai babur da ke biye da dare ba zai san an tsaya ba.

A hanya a rage gudu, a bar rata mai yawa. Kafin gangara a tsaya a sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar. A sha kwana da faɗi, don tayoyin tirela su kan yanke ta ciki. In ta fara kaɗa wutsiya, kada a danne birki da ƙarfi, kada a yi kokawa da sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari sosai har ta lafa, sa'an nan a tsaya a gyara kaya. Mutum ba ya hawa tirela, ko ranar kasuwa ce, ko ɗan mai gari ne ya roƙa. In za a kwance ta, waigi tukuna, ko da wurin ya yi kama da shimfiɗa.

Saura gargaɗi ɗaya mai girma. In mota ta kafe a taɓo ko rairayi, mutane su kan zarga igiya a ƙwallon nan, wata motar ta ja da baya ta fizga da gudu. Kada ku yarda. An yi ƙwallon don jan tirela mai gungurawa, ba don fizgar motar da laka ta riƙe ba. Ya kan guntule daga wuya, igiyar ta harba shi kamar harsashi, ya fasa gilashi ya sami na ciki. An yi asarar rayuka ta haka a Ostareliya da Amurka. In kun kafe, ku kwance tirela, ku haƙe gaban tayoyi, ku shimfiɗa itace. In za a yi janwe, a ɗaura a wurin da aka yi musamman dominsa a ƙashin mota, a ja a hankali. 'Yan kallo, musamman yara, a kore su nesa fiye da tsawon igiyar.

Bayan tafiyar farko da sabuwar ƙugiya, a sake bin notocin da sifana, domin ƙarfe ya kan zauna, gargada kuma tana kwance abin da aka ɗaure. Direbanmu, bayan an sake wa motar ƙarfen baya, ya koyi wata dabara wurin makaniken da ya yi aikin. Ya ja layi da farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin ƙugiya. Kowace safiya kafin mu tashi ya kan tsuguna ya duba. In layin yana nan a miƙe, mu kama hanya. In ya karkace, ya san notin ya motsa, sai ya ce wa yaro ya miƙo masa sifana.